Takardun kuɗi sun ƙi isa: yadda matatun imel ke korar saƙon da ya fito daga layin intanet na gida

Ƙaramin kamfani ne mai rarraba kayan masarufi. Manhajar lissafinsa tana fitar da takardar kuɗi, wato ta neman biyan kuɗin kaya, duk lokacin da aka yi lodi, aka kuma so ta riƙa tura wa abokin ciniki takardar ta imel da kanta. Mai kula da kwamfutocin ofishin ya ɗauko tsohuwar kwamfutar tebur, ya sa mata Ubuntu da Postfix, manhajar da ke karɓar imel ta tura shi, ya saita manhajar ta riƙa miƙa mata saƙo. Layin ofishin na faiba ne, amma tsarin da ake sayar wa gidaje, don ya fi araha. Akwai kuma rauta mai sim da ake komawa kansa idan faiba ta yanke. Kamfanin yana da domen nasa, akwatunan imel na ma'aikata kuwa suna wajen kamfanin da ke ajiye musu shafi. Irin wannan shiri ya cika ofisoshi, makarantu da ɗakunan gwajin jini, kuma matsalarsa kusan kullum fuska ɗaya take zuwa da ita. Adireshin 203.0.113.45 da sunan example.com da za a gani a ƙasa suna cikin waɗanda aka keɓe don ba da misali.

A gwajin farko an tura saƙo zuwa akwatin da ke cikin ita kanta kwamfutar, ya shiga. Da aka fara turawa waje sai abu ya rabu gida uku. Duk saƙon da ya nufi Gmail yana dawowa nan take. Wasu kamfanoni masu sabar kansu su ma suna mayar da shi, amma da wani rubutu daban. Ranar da faiba ta yanke aka koma kan sim kuwa, babu abin da ya dawo, babu kuma abin da ya isa; sai bayan kwana biyar saƙonnin suka dawo a tare.

Abin da rajistar saba ta nuna

Kafin a taɓa komai, fayil ɗin /var/log/mail.log ake buɗewa, ko a yi amfani da journalctl idan tsarin ba ya ajiye wannan fayil. Kowane saƙo yana da layi mai ƙarewa da status=sent, status=bounced ko status=deferred, kuma bayansa akwai ainihin maganar da sabar can ta faɗa. Ta Gmail ita ce:

`550-5.7.1 The IP you're using to send mail is not authorized to send email directly to our servers. Please use the SMTP relay at your service provider instead.`

Wato adireshin da kake turowa daga gare shi ba shi da izinin kawo mana saƙo kai tsaye, ka bi ta sabar kamfanin da ke ba ka hidima. Ta sauran kamfanonin kuma:

`554 5.7.1 Service unavailable; Client host [203.0.113.45] blocked using zen.spamhaus.org`

Wato an ga adireshin a zen.spamhaus.org, jerin adireshin da ƙungiyar Spamhaus ke ajiyewa, wanda sabobi ke dubawa kafin su karɓi saƙo. Lambar da ta fara da 5 hukunci ne na dindindin. Postfix ba ya sake gwadawa, ya cire saƙon daga layi ya mayar wa mai shi. Wadda ta fara da 4 tana nufin a dawo anjima. A lura babu ɗaya daga cikin amsoshin nan da ta ambaci abin da ke cikin saƙon. Da yawa suna ɓata kwanaki suna canza taken saƙo, suna cire hoton tambarin kamfani, suna rage girman PDF, alhali adireshin da saƙon ya taso daga gare shi ake ƙi.

Saƙonnin ranar sim kuwa status=deferred suka nuna, tare da Connection timed out. Nan ba wanda ya ƙi su, domin ba su ma kai ga kowa ba. Postfix ya yi ta gwadawa har wa'adinsa na asali ya cika, wato kwana biyar na maximal_queue_lifetime, sannan ya haƙura.

Yadda ake tambayar jerin

Imel tsakanin saba da saba ta ƙofa ta 25, wato port 25, yake bi. Mai turawa ya tambayi DNS, kundin sunayen intanet, wace saba ce ke karɓar saƙon domen kaza, ya samu bayanin MX, ya haɗu da ita. Abu na farko da mai karɓa ke gani, tun kafin gaisuwar EHLO, shi ne adireshin IP na mai kira, kuma shi ne abu guda da ba a iya yin ƙaryarsa a irin wannan haɗi. Sai ya juya lambobin baya-da-gaba, ya manna musu sunan jerin, ya yi tambayar DNS. Kowa na iya yin irinta da hannu:

`dig +short 45.113.0.203.zen.spamhaus.org`

Idan ba amsa, adireshin ba ya cikin jerin. Idan akwai, lambar ƙarshe ce ke faɗin dalili, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure, domin ZEN taron jeri ne da yawa a suna ɗaya. 127.0.0.2 na SBL ne, inda ake sa adireshin da aka tabbatar yana yaɗa saƙonnin shara. 127.0.0.3 na CSS ne, wanda na'ura ke cikawa bisa halayyar turawa. 127.0.0.4 na XBL ne, wato an ga alamar na'urar da aka yi wa kutse. 127.0.0.10 da 127.0.0.11 su ne na PBL: na farko kamfanin intanet ne da kansa ya sa rukunin adireshinsa, na biyu Spamhaus ce ta sa.

A wannan lamari 127.0.0.11 ce ta fito, ita kaɗai. Ma'anarta ofishin bai aikata komai ba. PBL jeri ne na adireshin da ake raba wa masu amfani na gida da na waya, waɗanda bisa ƙa'ida ba a tsammanin su kai saƙo kai tsaye ga sabar wani. Kusan duk wanda ke karanta wannan rubutu a waya ko a gida, adireshinsa yana ciki, kuma imel ɗinsa na tafiya lafiya, domin shi ta sabar Gmail ko ta ofishinsa yake bi bayan ya ba da kalmar sirri. Kamar direban da ke lodi a bakin titi ne: 'yan kamasho ba su ce ɓarawo ba ne, sun dai ce ba su san shi a tasha ba, kuma idan kaya suka ɓata ba inda za a nemo shi.

Wani tarko a wannan gwaji: idan kwamfutar tana tambaya ta hannun DNS na kowa-da-kowa kamar 8.8.8.8 ko 1.1.1.1, amsar ba abin dogaro ba ce. Ko dai a ga shiru, a zaci adireshin wankakke ne, ko a ga 127.255.255.254, wadda ke nufin Spamhaus ta ƙi amsa tambayar da ta biyo ta wannan hanya. Mafi sauƙi a shigar da adireshin a check.spamhaus.org.

Tambaya ta biyu ita ce sunan da adireshin ke amsawa:

`dig +short -x 203.0.113.45`

Wannan shi ne bayanin PTR. Sabar imel ta gaskiya tana da suna irin mail.example.com, kuma idan aka tambayi sunan sai ya mayar da mutum kan adireshin nan dai. Layin gida kuwa ko dai ba shi da PTR kwata-kwata, ko yana da suna na jumla mai ɗauke da lambobin adireshin da kalmomi irin dyn, pool, dhcp ko dsl. SpamAssassin, manhajar tace saƙonnin shara, yana da dokoki biyu na musamman don wannan, RDNS_NONE da RDNS_DYNAMIC. Gmail kuma yana da lambar ƙi ta daban, 5.7.25, ga adireshin da ba shi da PTR ko wanda nasa bai dace ba. Mai domen ba ya iya gyara PTR daga shafin sarrafa domen ɗinsa, komai yawan bayanan da ya ƙara. Mai rukunin adireshin ne ke riƙe da shi, wato kamfanin intanet, wanda a Afirka yakan karɓo shi daga AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin IP a nahiyar.

Layin sim

Gwaji biyu suka warware wannan ɓangare. Na farko:

`nc -vz gmail-smtp-in.l.google.com 25`

`nc -vz smtp.gmail.com 587`

Na sama ya tsaya shiru har lokaci ya ƙare, na ƙasa ya buɗe nan take. Ke nan intanet na aiki, ƙofa ta 25 ce aka toshe daga ɓangaren kamfanin layin. A Windows umarnin Test-NetConnection tare da -Port 25 yana yin wannan aiki.

Na biyu, a shiga shafin rauta a dubi adireshin WAN, wato wanda kamfanin layi ya ba rauta, a gwada shi da wanda `curl ifconfig.me` ya nuna, wato wanda ake gani daga waje. Idan sun bambanta, kuma na rauta ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255 ko ya fara da 10, to layin yana bayan CGNAT: mutane da yawa ne ke fita ta adireshi ɗaya. An keɓe wancan rukuni na 100.64 don wannan aiki tun 2012. Haka yawancin layukan waya suke. Starlink ma, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, a ƙaramin tsarinsa ta CGNAT yake raba IPv4, kuma yana toshe ƙofa ta 25 mai fita. A irin wannan layi babu wani adireshi da ofis zai ce nasa ne, balle ya nemi a wanke shi. Laifin wayar wani da ba ka taɓa gani ba yana iya sa adireshin da kuke tarayya a kai ya shiga XBL da safe ya fita da dare.

Dalilin da ya sa aka kai ga haka

Tsarin ya girmi faibar gidaje. A 1997 Paul Vixie da Dave Rand suka fara jerin RBL na MAPS, ba a jima ba aka samu jeri na musamman na layukan da ake shiga intanet da su ta wayar tarho, domin masu saƙonnin shara kan buɗe asusu mai arha, su yi ɓarinsu cikin dare, su watsar da shi. Abin ya canza salo a 2003. Ƙwayar Sobig.F da ta bazu a watan Agustan shekarar tana ɗauke da injin tura imel a jikinta, ba ta buƙatar sabar kowa. Daga nan kwamfutocin gidajen mutane suka zama rundunar haya. Lokacin da Microsoft da abokan aikinta suka rushe Rustock, wata irin wannan runduna, a Maris 2011, an ƙiyasta kwamfutoci kusan miliyan ɗaya ne a hannunta, kuma tana iya tura saƙo har biliyan 30 a rana. Bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya ba ya yiwuwa, tunda adireshinsu canzawa yake. Sai aka juya lissafin: a ɗauki dukan rukunin gidaje a matsayin wanda ba ya tura imel kai tsaye, wanda ke da buƙata ya fito ya bayyana kansa. Spamhaus, wadda Steve Linford ya kafa a 1998, ta buɗe PBL a 2007 bisa wannan tunani, kamfanonin intanet da yawa kuma suka toshe ƙofa ta 25 ga gidaje.

An tanadi hanyar masu gaskiya tun kafin nan. RFC 2476 na 1998, ɗaya daga cikin kundayen ƙa'idojin intanet, ya ware ƙofa ta 587 don mutum ya miƙa saƙonsa ga sabar da ta san shi, RFC 6409 na 2011 shi ne sigar da ake bi yanzu, RFC 8314 na 2018 kuma ya dawo da 465 mai kulle TLS, wato ɓoye abin da ke wucewa, tun daga farkon haɗi.

Dalilin bai tsufa ba. A Mayun 2024 hukumomin Amurka suka sanar da rushe 911 S5, wadda ta bi ta manhajojin VPN na kyauta ta mallake adireshi sama da miliyan 19, tana sayar da layukan mutane ga masu son ɓoye sawu. Akwatunan talabijin masu Android marasa suna ma an sha kama su da irin wannan hali tun daga kwali.

Gyare-gyaren da ba sa aiki

Kashe rauta a kunna yana iya kawo sabon adireshi, amma daga cikin rukunin nan dai, kuma dukan rukunin ne a jerin. No-IP da DuckDNS suna ba da suna mai bin adireshi duk inda ya koma, sai dai ba sa taɓa PTR. Sa adireshin yau a cikin SPF, bayanin da ke lissafa masu izinin turawa da sunan domen, yana aiki zuwa ranar da ya canza, kuma ko bai canza ba SPF ba ya soke hukuncin PBL. Canza ƙofar fita zuwa 2525 ba ya kai saƙo ga Gmail, domin sabobin MX a 25 suke saurare. VPN na kasuwa yawanci ya toshe 25, adireshinsa kuma sun fi na gida baƙin jini. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya cire ka daga Spamhaus damfara ce, cirewa kyauta ce.

Cire kai daga PBL fa? Ƙofar a buɗe take, amma ga mai adireshi na dindindin wanda ke gudanar da sabar imel, mai suna da PTR da suka dace. Ana tabbatarwa ta imel na domen, ba na kyauta irin Gmail ba, adireshi ɗaya ake cirewa, kuma cirewar tana ƙarewa bayan shekara. Ofishin nan bai cika sharaɗin farko ba. Ko da ya cika, Gmail da Outlook suna da nasu ma'aunin, fita daga jerin Spamhaus ba ya tilasta musu karɓa.

Gyaran da ya yi aiki

Postfix ya daina kai saƙo gida-gida, ya riƙa miƙa komai ga saba ɗaya da ta san kamfanin. Tana iya zama ta kamfanin da ke ajiye akwatunan, ko Google Workspace, ko masu hidimar turawa irin Amazon SES, Mailgun da Brevo. A buɗe akwati na musamman don wannan aiki, kada a yi amfani da na manaja, wanda ranar da ya canza kalmar sirri komai zai tsaya. A cikin /etc/postfix/main.cf:

```
relayhost = [smtp.example.com]:587
smtp_sasl_auth_enable = yes
smtp_sasl_password_maps = hash:/etc/postfix/sasl_passwd
smtp_sasl_security_options = noanonymous
smtp_tls_security_level = encrypt
```

Bakan nan masu kusurwa suna hana Postfix neman MX na sunan, ya tafi gare shi kai tsaye. A /etc/postfix/sasl_passwd layi ɗaya ne, kuma farkonsa dole ya zo daidai da relayhost harafi da harafi:

`[smtp.example.com]:587 lissafi@example.com:kalmarsirri`

Sai `chmod 600` a kan fayil ɗin, `postmap /etc/postfix/sasl_passwd`, sannan `systemctl reload postfix`. Wanda ya gyara fayil ɗin ya manta postmap, tsohuwar kalmar sirri Postfix zai ci gaba da karantawa. Idan rajista ta ce No worthy mechs found, kunshin libsasl2-modules ne babu. Idan 465 za a bi, a ƙara smtp_tls_wrappermode = yes. Saƙonnin da ke maƙale a layi `postqueue -p` ke nuna su, `postqueue -f` ya kora su ta sabuwar hanya. Waɗanda aka mayar da 550 kuwa sun riga sun fita, sai an sake turo su daga manhajar lissafi.

Mai son bi ta smtp.gmail.com ya san abubuwa uku. Tun ƙarshen Mayun 2022 Google ba ya karɓar kalmar sirri ta yau da kullum daga irin waɗannan manhajoji a asusun kyauta. Sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu an ƙirƙiri kalmar sirrin manhaja mai harafi 16, in ba haka ba 535 5.7.8 za a gani. Iyakar asusun kyauta saƙo 500 ne a rana, na Workspace 2,000. Sannan Gmail yana maye sunan mai turawa da na asusun, sai idan an riga an tabbatar masa da ɗaya adireshin a saitinsa. Takardar kuɗin kamfani da ta iso da adireshin Gmail na wani ma'aikaci ba ta da kwarjini, musamman a lokacin da ake yawan damfarar canza lambar asusun banki.

Saura bayanan DNS guda uku, kuma tun Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta wa kowane mai turawa aƙalla SPF ko DKIM, mai tura 5,000 zuwa sama a rana kuma duka biyun tare da DMARC. SPF bayanin TXT ne da ke lissafa masu izinin turawa da sunan domen, misali `v=spf1 include:_spf.google.com ~all`. Guda ɗaya tak ake yi wa domen; idan akwai na da, a cusa sabon a cikinsa, domin biyu suna rushe juna. Kada kuma tambayoyin DNS da ke cikinsa su wuce goma, kowane include yana cin nasa har da na cikinsa. DKIM sa hannu ne, mai hidimar ne ke ba da makullin, a zaɓi mai bit 2048. Ya fi haruffa 255 da guntun TXT ɗaya ke ɗauka, don haka wasu shafukan sarrafa domen sai an raba musu shi biyu, kuma yankewar harafi ɗaya ta isa ta lalata shi. DMARC, mai faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi waɗannan biyun, a fara da `v=DMARC1; p=none; rua=mailto:rahoto@example.com` a ƙarƙashin sunan _dmarc, a karanta rahotanni na 'yan makonni kafin a tsananta. Don tabbatarwa, a tura wa wani akwatin Gmail, a buɗe Show original, a ga PASS a gaban ukun.

Firinta mai sikana da na'urar kyamarorin tsaro su ma wannan cuta ke kama su, sai dai da ƙari. Tsofaffi ba su iya TLS na zamani ba. Wasu kuma agogonsu kan koma shekarun baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, sai su ga takardar shaidar saba kamar ba ta fara aiki ba, su ƙi haɗi. A saita musu NTP, mai daidaita agogo ta intanet. Mafi sauƙi su miƙa wa Postfix na cikin ofis ba tare da kalmar sirri ba, shi ya fitar. A taƙaita mynetworks, saitin Postfix na waɗanda aka yarda su miƙa saƙo, ga adireshin cikin gida kawai, irin 192.168.1.0/24, kuma kada a kuskura a buɗe masa ƙofa ta 25 daga waje a rauta.

Idan dole sai an tura kai tsaye

Akwai masu dalili na gaskiya, kamar wanda ba ya son saƙonsa ya ratsa hannun wani. Abin da zai nema wajen kamfanin intanet a rubuce huɗu ne: adireshi na dindindin wanda ba ya bayan CGNAT, PTR da sunan da ya zaɓa, buɗaɗɗiyar ƙofa ta 25, da fitar da adireshin daga PBL. Da yawa suna sayar da na farko su yi shiru kan sauran, kuma adireshi na dindindin marar PTR kuɗi ne aka zubar. A nahiyar nan abin yana da tsada saboda ƙarancin IPv4: tun Janairun 2020 AFRINIC ba ta ba kamfani fiye da adireshi 1,024 a buƙata ɗaya. Hayar saba a waje ma ba ta kuɓuta ba. Google Cloud ya toshe 25 mai fita, AWS sai an cika takardar roƙo, adireshin da aka ba ka kuma yana iya zuwa da tarihin wanda ya riga ka, don haka a bincike shi kafin a ɗora komai. Ga ofishin da ke tura takardu 'yan gomomi a rana, wannan wahala ba ta biyan kanta.

Gaskiya ne tsarin ya tura imel na duniya hannun kamfanoni ƙalilan, kuma mai ƙaramin ƙarfi a Kano ko Maraɗi ya fi na Frankfurt jin nauyinsa, tunda adireshi mai tsabta ya fi masa wuyar samu. Masu wannan ƙorafi suna da hujja. Sai dai mai karɓar saƙo ba shi da hanyar bambance Postfix na ofishin kirki da akwatin talabijin mai cuta idan duka biyun daga rukuni ɗaya suka fito, ba suna, ba tarihi.

Inda laifin yake na mai tacewa

Bayan an gyara ofis, sai wata ma'aikaciya ta ce ita daga gida manhajar imel ɗinta ta Thunderbird tana ƙin turawa, da irin rubutun nan na Spamhaus, alhali ta sabar kamfanin ajiya take bi. Wannan lamari ne daban. Da aka duba saitinta, ƙofa ta 25 ce babu sunan shiga. Aka mayar 587 da STARTTLS da kalmar sirri, ya wuce. Amma da a ce saitinta daidai ne kuma aka ƙi ta, to sabar ce ba a tsara da kyau ba. Spamhaus da kanta ta hana a yi amfani da PBL a kan wanda ya shiga da kalmar sirri. A Postfix jerin dokoki bi-da-bi ake karanta su, don haka permit_sasl_authenticated dole ya riga reject_rbl_client, ƙofa ta 587 kuma kada a sa mata wannan bincike sam.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa. Kowace saba da saƙo ya ratsa tana ƙara layin Received a kansa, na can ƙasa kuma sau da yawa yana ɗauke da adireshin gidan wanda ya rubuta. Matatar da ke bin duk layukan nan tana gwada su da PBL za ta jefa saƙonnin mutanen kirki a akwatin Spam, tunda kusan kowa daga gida ko waya yake rubutu. Adireshin da ya miƙo saƙon ga sabarka kaɗai ake gwadawa. SpamAssassin haka yake yi da dokar RCVD_IN_PBL, muddin an cika masa trusted_networks da internal_networks daidai. Idan akwai wata saba a gabansa da ba a sanar da shi ba, sai ya ɗauki layin da ba shi ba.

Na uku shi ne ɗaukar kowace amsa a matsayin laifi. Sabar da ke tambaya ta DNS na kowa-da-kowa ta samu 127.255.255.254 za ta iya korar duk saƙon duniya. Maganinsa a kafa mata nata mai warware DNS, irin Unbound, a kuma rubuta dokar da iyaka: `reject_rbl_client zen.spamhaus.org=127.0.0.[2..11]`. A riƙa share jerin da suka mutu. AHBL da ta rufe ta koma amsa e ga kowane adireshi a farkon 2015, SORBS mai jerin DUHL na adireshi masu sauyawa kuma ta rufe a Yunin 2024, amma har yanzu ana samun sunayensu a tsofaffin saituna.

A ofishin an ƙara doka ɗaya a rauta: duk na'urar cikin gida an hana ta fita ta ƙofa ta 25, kuma a rubuta duk wadda ta gwada. Tunda Postfix ta 587 yake bi yanzu, babu mai buƙatarta, duk adireshin da ya bayyana a wannan rajista na'ura ce da za a cire daga layi a bincika. Gwajin ƙarshe shi ne a zare faiba da gangan, a bar rauta mai sim ya ɗauka, a fitar da takardar kuɗi ɗaya, a ga layin rajista ya nuna relay=smtp.example.com da :587 da status=sent.